Wasa huɗu babu nasara ko ɗaya: Mike Brown, sabon koci, zai iya da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Sacramento Kings a gasar NBA kuwa?

Ɗan Zafi: Assalamu alaikum 'yan gida. Yau 28 ga Oktoba, 2022, ku rubuta ku ajiye, ni dai na cire rai. Portland ta zo har gida ta doke mu 115 da 108. Clippers ta yi mana 111 da 109. Mun je wajen Warriors suka zuba mana maki 89 kafin a tafi hutun rabin lokaci. Daren jiya kuma Memphis ta ƙara da 125 da 110. Wannan shi ne kocin da aka yi ta kururutawa, wai gwanin tsaro ne? An ce mana ya zo da salon Golden State Warriors. To ga salo nan muna gani, ƙwallo na yawo hannu zuwa hannu kamar kuɗin adashi, amma nasara shiru. Har fitilar nan mai ruwan shunayya da suka kafa a saman filin wasanmu Golden 1 Center, wai a riƙa haska sama duk ranar da aka ci wasa, tun da aka fara kakar nan ba wanda ya taɓa makunninta.

Masoyin Lakers: Ku sayar mana da fitilar kawai, tunda ba ku da ranar amfani da ita.

Uwar Biyu: Ka haska me da ita? Ku ma wasa huɗu kuka yi da sabon kocinku Darvin Ham, ba ku ci ko ɗaya ba, ga LeBron ga Davis. Makaho na yi wa mai ido ɗaya dariya.

Masoyin Lakers: Anti, mu dai mun ɗauki kofi a 2020. Ku rabonku da wasannin fitar da gwani tun 2006.

Dattijon Kings: Wannan kam ba ƙarya ya yi ba, ko da yake don tsokana ya faɗa. Kaka 16 ke nan, kuma babu ƙungiyar da ta taɓa daɗewa haka a tarihin NBA. Amma Ɗan Zafi, zo in tambaye ka. Ka san koci nawa muka yi tun bayan tafiyar Rick Adelman? Bari in lissafa maka: Musselman, Theus, Natt, Westphal, Smart, Malone, Corbin, Karl, Joerger, Walton, Gentry. Sha ɗaya. Brown ne na sha biyu. Kowannensu akwai ranar da wani mai zafin kai irinka ya ce a kore shi, kuma aka kore shi ɗin. Me muka samu?

Wanda har yau yake ci mini rai shi ne Michael Malone. Disambar 2014, mun ci 11 an ci mu 13, alhali tauraronmu DeMarcus Cousins na kwance ba lafiya, aka sallame shi. Shi kaɗai ne kocin da Cousins yake jin maganarsa. Yanzu ga shi can Denver tun 2015, yana riƙe da Jokić wanda ya zama gwarzon gasar sau biyu a jere. Joerger ya kai mu 39 da 43 a kakar 2018/19, sakamakon da ya fi kowanne kyau tun bayan Adelman, ladarsa takardar sallama. Saboda haka in kana neman mai laifi, ɗaga kanka sama ka dubi ofis, ba benci ba.

Ɗan Zafi: Baba, ban ce a kore shi yau ba. Cewa na yi ban ga alamar haske ba. Kuma kar mu manta tarihin mutumin nan. A Cleveland me yake yi in ban da a ba LeBron ƙwallo kowa ya koma gefe ya zuba ido? A Lakers kuma, a 2012 ya ce zai yi salon Princeton, wato na yawan miƙa ƙwallo da motsi, da Kobe da Nash da Howard da Gasol, wasa biyar kacal aka yi, ya ci ɗaya, suka nuna masa hanya. Yanzu kuma shi ne zai koya mana kai hari?

Sabon Shiga: Don Allah ku yi haƙuri, ni bara na fara bin ƙwallon kwando. Wai mene ne ainihin wannan salon da ake ta magana? Ni dai ina ganin dogonmu Sabonis yana tsayawa nesa da kwando riƙe da ƙwallo, ina cewa dogo ai ƙarƙashin kwando ya kamata ya zauna.

Mai Allo: Ƙanena, tambayarka ta fi duk surutun da muke yi amfani. Bari in kwatanta maka yadda abin yake in ya tafi daidai.

Fox ya ɗauko ƙwallo da gudu. In ya ga hanya a buɗe, shi ke nan, ya wuce kwando, don ba a cika samun mai kamo shi ba. In babu hanya, sai ya jefa wa Sabonis, wanda yake tsaye wajen kusurwar layin jifan fawul ko ɗan sama da nan. To daga wannan lokacin kar ka kalli ƙwallo, kalli sauran mutum huɗun. Huerter zai taso daga lungu, Barnes ya kange masa mai tsaronsa, ya zagayo da gudu ya bi ta gefen Sabonis kafaɗa da kafaɗa. Sabonis ya miƙa masa ƙwallo hannu da hannu, kuma a daidai wannan lokacin ya juya jikinsa ya zama katanga. Mai bin Huerter yana da zaɓi biyu, kuma duka biyun wahala ne. In ya bi ta ƙasan Sabonis don ya rage hanya, Huerter ya samu sarari ya jefa ta maki uku. In ya manne masa ya bi bayansa, Huerter ya karya ya nufi kwando, dole dogon da ke tsaron Sabonis ya fito ya tare shi, sai Sabonis ya gangara kwando ba kowa a kansa. In kuma mai tsaro ya yi wayo ya riga Huerter isa wurin, sai Huerter ya yi kamar zai zo ya juya ta bayansa, Sabonis ya zura masa ƙwallo ta ƙasa. Wani lokacin ma Sabonis yi yake kamar zai miƙa, sai ya riƙe abarsa ya juya da hannunsa na hagu ya tafi.

Amfanin fito da dogo waje shi ne yana jawo dogon abokan hamayya daga ƙarƙashin kwando. Wurin ya zama fili. Kuma ba a son kowa ya riƙe ƙwallo yana tunani: ka jefa, ko ka kutsa, ko ka bayar, nan take. Haka Draymond Green yake yi da Curry da Thompson shekara da shekaru. Bambancin shi ne Sabonis ya fi Draymond iya cin maki da kansa, mu kuma ba mu da Curry.

Ɗan Zafi: Yauwa, ka faɗa da bakinka. Ba mu da Curry. Salon Warriors ba tare da Curry ba ai kamar sirdi ne ba doki.

Mai Allo: Ba sai da Curry ba, sai dai da mutanen da za a ji tsoron barinsu. Shi ya sa aka ɗauko Huerter daga Atlanta da Monk daga Lakers, dukansu kusan kashi 39 cikin ɗari suke ci a jifan uku a kakar da ta wuce. Ga Keegan Murray. Bara wa muke da shi bayan an tura Hield Indiana? Abokan wasa cika ƙarƙashin kwando suke yi su jira Fox, don sun san ba mai hukunta su daga waje.

Kuma ka duba makin da muka ci a wasa huɗun nan: 108, 109, 125, 110. Waɗannan ba makin ƙungiyar da ta kasa kai hari ba ne, musamman da yake mutanen ba su gama sanin juna ba. Matsalar tana ɗaya gefen.

Dattijon Kings: Mai Allo, kana bayanin nan ni kuma sai idona ya ciko. Abin da ka kwatanta ba na Golden State ba ne, namu ne, aro suka yi. Yaran yanzu ba su ga Vlade Divac da Chris Webber a wannan kusurwar ba. Divac zai tsaya riƙe da ƙwallo kamar mai jiran mota, ko kallon kwando ba ya yi, sai kawai ka ga ta fita ta bayan ƙeyarsa ta faɗa hannun Doug Christie yana shiga. Peja kuma yana can waje, in ka bar shi daƙiƙa ɗaya ka sha uku. Pete Carril, wanda ya yi shekaru yana koci a jami'ar Princeton, shi ne mataimakin Adelman a lokacin. Kakar 2001/02 mun ci wasa 61. Kuma Christie ɗin nan yana cikin mataimakan Brown yanzu, yana zaune a bencin nan kuna ganinsa.

Masoyin Lakers: Ƙarasa labarin mana Baba. Wa ya fitar da ku a 2002?

Dattijon Kings: Yaro, kar ka sa in yi magana. Wasa na shida, zango na huɗu kaɗai aka ba ku jifan fawul 27. Je ka nemi faifan ka kalla, sannan ka dawo mu yi maganar wanda ya fitar da mu.

Shugaban Zaure: A bar 2002 haka nan don Allah. Duk ranar da aka ɗauko ta sai an yi kwana biyu ana faɗa. A koma kan Brown.

Uwar Biyu: Ni damuwata ba Brown ba ce, kuma ba salon ba ne. Fox ne. Malam Mai Allo, ka yi bayani mai kyau, amma ka lura a duk labarin da ka bayar, da Fox ya miƙa ƙwallo sai sunansa ya ɓace? Mutumin nan tun da ya zo a 2017 da ƙwallo a hannunsa ya saba. Jifansa na uku bara bai kai kashi 30 ba. In yana tsaye a gefe ba ƙwallo, mai tsaronsa zai ja baya ya je ya taya wasu, filin da ake nema ya toshe. Ga shi dukansu biyu bahagwai ne, shi da Sabonis, ɓangare ɗaya suke so. Mun rabu da Haliburton ne saboda an ce ba za su zauna inuwa ɗaya da Fox ba, masu son ƙwallo biyu. Yanzu kuma an kawo tsarin da zai raba shi da ƙwallon ta wata hanyar.

Ɗan Zafi: Allah ya saka miki da alheri Anti. Haliburton! Yaron da ya ce yana son garin, aka ɗauke shi a Fabrairu aka ba Indiana. Wannan da tsallake Luka Dončić a ɗauki Bagley a 2018, ban san wanda ya fi ciwo ba.

Mai Allo: Anti, maganarki tana da nauyi, kuma ita ce tambayar da ni ma nake jiran amsarta. Amma ga abin da na gani zuwa yanzu. Fox ya ci 33 a wasan Portland, ya ci 36 a na Clippers. Ba a raba shi da ƙwallo ba, an rage masa wahalar samunta ne. Da, sai ya tsaya a sama mutum biyar suna kallonsa, ya fara daga sifili. Yanzu in shi ne ya zagayo ya karɓa daga hannun Sabonis, yana karɓa ne cikin gudu, mai tsaronsa na bayansa. Fox cikin gudu da taki ɗaya a gaba, wa zai tare shi? Ko bara bayan zuwan Sabonis, makinsa ya haura kusan 29 a kowane wasa. Sai dai Sabonis wasa 15 kawai ya buga mana a waccan kakar, ba su daɗe tare ba.

Kuma in wasa ya zo ƙarshe, minti biyar na ƙarshe ana kunnen doki, duk wani salo ajiye shi ake yi. A nan Fox za a ba ƙwallo a kange masa mutum ɗaya a ce ya nemo. Wannan ba zai canza ba.

Uwar Biyu: To ai a nan muke faɗuwa kullum. Wasan Clippers maki biyu ne tsakani. Na Portland muna ciki har zango na huɗu. Ba salo ne ke cin irin wannan wasan ba, zuciya ce da tsaro.

Ɗan D'Tigers: Ku ba ni dama in sa baki, ni ba ɗan Kings ba ne, Brown ne ya jawo ni nan. Masu cewa bai iya komai ba sai ba LeBron ƙwallo, kun manta 10 ga Yulin 2021 a Las Vegas, lokacin yana kocin D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya? Najeriya 90, Amurka 87, da Durant da Lillard a fili. Jifan uku 20 muka ci a daren, Gabe Vincent ya ci maki 21. Wannan ba salon a tsaya a kalli mutum ɗaya ba ne, ƙwallo ce ke gudu har ta samu wanda yake a sake. Mutum yana canzawa. Shekara shida ya yi yana mataimakin Steve Kerr, kocin Warriors, kuma a 2017 da Kerr ya kwanta ciwon baya shi ya riƙe Warriors a wasannin fitar da gwani, wasa 11 bai faɗi ko ɗaya ba.

Ɗan Zafi: Da Durant da Curry da Klay ko ni aka ba ni allo sai na ci 11. Sannan ka ƙarasa: da aka je gasar Olympics a Tokyo wasa nawa D'Tigers ta ci? Uku aka buga, uku aka sha kashi. Wasan sada zumunta daban, wasan gaske daban. Kuma tunda ka kawo maganar, ba don sanayya ba me zai sa a fara wasa da KZ Okpala, ɗan wasansa na D'Tigers, a bar Murray?

Ɗan D'Tigers: Murray bai samu buga wasan farko ba ne, ba ajiye shi aka yi ba. Okpala kuma don tsaro aka sa shi, don a samu mai tsayi da zai bi gwanin abokan hamayya. Da aka ga ana barinsa a sake ba a tsoron jifansa, ai ga shi an canza, Murray ya karɓi wurin. Ni wannan ma ya burge ni. Wani kocin sai ya yi wata biyu yana taurin kai.

Mai Allo: A nan ne ainihin ƙullin yake, kuma ban ga yadda Brown zai kwance shi da mutanen da yake da su ba. Waɗanda suka iya tsaro, Okpala da Davion Mitchell, ba a tsoronsu a waje, in ka sa su salon ya shaƙe. Waɗanda suke sa salon ya yi aiki, Huerter da Monk, ba su ne za su hana Ja Morant na Memphis wucewa ba. In an wuce su kuma wa ke baya? Sabonis yana da ƙarfi, yana cafke duk ƙwallon da ta dawo daga kwando, amma ba mai doke ƙwallo a sama ba ne, hannunsa bai da tsawon haka. Sai ya tare da jiki, alƙali ya busa. Da ya yi fawul biyu da wuri sai benci, kuma da ya zauna duk abin da na zana muku a sama ya rushe, don Richaun Holmes ba mai rarraba ƙwallo ba ne, shi a jefa masa kusa da kwando ya ɗan tura ta sama ya saba. Wato tsarin gaba ɗaya a wuyan mutum ɗaya yake rataye.

Saboda haka ni ba na sa ran tsaro mai kyau a bana. Kakar 2020/21 mu ne na ƙarshe a tsaro a duk gasar, ba a gyara irin wannan da wa'azi. Abin da nake fata shi ne mu tashi daga mafi muni zuwa dama-dama, harin kuma ya shiga sahun gaba. In aka samu haka, wasan da ake cin mu 125 da 120 zai juye.

Sabon Shiga: Na gode Yaya, yanzu na gane. Amma in haka ne me ya sa ba a ɗauko kocin da aka sani da kai hari ba tun farko?

Dattijon Kings: An yi, ɗana. George Karl gudu ne aikinsa. Gentry ma haka. Mai ƙungiyar, Vivek Ranadivé, tun da ya saya a 2013 gudu yake so da maki. Abin da ba mu taɓa samu ba shi ne wanda zai sa yaran nan su ji kunya in an wuce su. Brown ya kai Cleveland wasan ƙarshe a 2007 da ƙungiyar da in ka cire LeBron ba za ka tuna sunan mutum uku ba, da tsaro ya yi. A 2009 ya ci wasa 66. Ni abin da nake kallo ba maki ba ne. Jiya na lura, an yi sakaci sau ɗaya wajen komawa gida, nan take ya nemi hutu, ya tako har cikin fili yana nuna wa mutum inda ya kamata ya tsaya. Walton da hannu a aljihu zai tsaya har a zuba mana goma a jere.

Ɗan Zafi: Baba, ihu a gefen fili ba ya shiga teburin gasa. Yamma ta cika da manya: Warriors, Suns, Denver, Memphis, Dallas, Clippers. Ko na goma muka samu mu shiga wasan neman gurbi sai mun gode Allah. Bara na sha biyu muka ƙare, 30 da 52.

Uwar Biyu: To ka faɗi adadi mana, kar ka yi ta kewaye. Wasa nawa za ka ba shi?

Ɗan Zafi: Ashirin. In bayan wasa 20 ba mu ci takwas ba, kar wanda ya ƙara kawo mini maganar miƙa hannu da hannu.

Mai Allo: Na yarda da ashirin, amma ni ba nasara kaɗai zan ƙirga ba. Zan duba sau nawa muke zubar da ƙwallo, don irin wannan salon a farkonsa ɓarin ƙwallo yake jawowa, mutum ya jefa inda yake zaton abokinsa zai bi shi kuma ya bi wani wajen. In wannan yana raguwa, sun fara karantar juna. Sannan minti nawa Sabonis yake iya yi a fili ba tare da fawul ya kore shi ba.

Dattijon Kings: Ni kuma kaka biyu cur nake roƙon a ba shi, ko me ya faru. Kwantiraginsa na shekara huɗu ne, a bar shi ya ci rabi a ƙalla. Ashirin ɗinku ku riƙe.

Shugaban Zaure: Na rubuta. Ɗan Zafi takwas cikin ashirin, Mai Allo ɓarin ƙwallo da fawul, Baba kaka biyu. Zan ɗago wannan zaren a farkon Disamba, kar kowa ya goge abin da ya rubuta. Wasa na gaba da Miami ne a gida.

Ɗan D'Tigers: Gabe Vincent na Miami zai zo gaishe da tsohon kocinsa ke nan. Bam Adebayo kuma shi ne gwajin Sabonis na gaske, don Miami musayar wanda suke tsaro suke yi duk lokacin da aka kange musu mutum, Bam yana iya bin gajere ya bi dogo. In miƙa hannu da hannu ya yi aiki a kansu, zai yi a kan kowa.

Masoyin Lakers: Mu daren yau muke da Minnesota. Duk wanda ya riga cin wasa tsakaninmu da ku, ɗayan ya canza hoton shafinsa na mako guda.

Uwar Biyu: Na karɓa. Fara neman hoton Fox mai kyau, ban son wanda ya dushe.